Alkahira a Hannun Yara Uku

Ƙaramin yaro ba shi da wuyar tafiya. A goya shi, a cika masa ciki, inda aka nufa nan ya nufa. Wanda ya fara tashen balaga kuwa, ƙafarsa ce kawai ke bin ka. Ido na kan waya, rai na wani wuri, in ka nuna masa abin al'ajabi ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Na taɓa gani a TikTok." Irin waɗannan guda uku Allah ya ba ni: ɗan farina mai shekara 17, wanda ƙannensa ke ce wa Yaya, ni ma na fake a nan, sai Ummi mai 15, sai Auta mai 13. Su muka kwasa daga Tudun Wadar Kaduna zuwa Alkahira, birnin da mutanensa suka haura miliyan 20, inda ƙanena ke karatu a Azhar.

Kuɗin tafiyar kwasar adashe ce ta haɗu da abin da maigidana, Malam, ya daɗe yana tarawa. Takardu kuwa sun fi kuɗi cin rai. Kowane yaro sai da lambarsa ta NIN kafin a yi masa fasfo, ga takardar haihuwa, ga takardar amincewar iyaye tunda babu wanda ya kai 18. Biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja. Sai katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin shawara, wanda in ba ka da shi kana iya kwana a filin jirgi. Muka zaɓi hutun Disamba, don Kawunsu ya ce zafin Yuli da Agusta a can ba na yawo ba ne, gara a zo da rigunan sanyi.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci a tsakar gida aka yanke shi. Malam ya fito da takarda ya jero inda za a je: masallatai, kaburburan malamai, shagunan littattafai. Na dubi fuskokin yaran na ga kowa ya sha kunu. Da dare na ce masa, "Malam, in a kan wannan takardar za a tafi, gara mu bar su gidan Hajiya mu rage asara." Shawarar da muka tsaya a kai ita ce kowa ya zaɓi wurinsa, kuma wanda ya zaɓi wuri shi zai yi bincike a kansa, shi zai zama ɗan jagora ranar. Aka kuma raba aiki. Yaya ya karɓi taswira da hanya. Ummi ta karɓi jakar kuɗi da ciniki, don tun tana firamare take bi na Kasuwar Barci. Auta ya ce shi a bar masa maganar abinci, ba wanda ya yi mamaki.

Muka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, daga nan jirgin sama na kimanin awa biyar. Da dare muka iso. Ta taga ba ka ganin komai sai duhun hamada, can sai ga wani dogon zare na fitilu ya miƙe daga kudu, ya zo ya buɗe ya zama teku. Wannan zaren shi ne Masar gaba ɗaya. Kusan kashi 95 cikin ɗari na mutanen ƙasar a gefen kogin Nilu suke zaune, sauran faɗin ƙasar rairayi ne.

Kawu ya kama mana gidan haya a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr, unguwar da ta tara 'yan Sudan da Somaliya da ɗalibai 'yan Nijeriya da na Indonesiya. Ƙarfe ɗayan dare muka shiga, amma titi a cike: mai aski na aski, mai ruwan rake na matsa, mata na tura jarirai a keke, yara na ƙwallo a lungu. Auta ya tambayi Kawunsa ko salla ake yi. Ba salla ba ce, haka garin yake kullum. A unguwarmu wannan lokacin daga mai shayi sai 'yan sintiri.

Da safe na fito baranda, sai na ga kwando yana saukowa ta gabana a jikin igiya. Na leƙa sama, wata dattijuwa ce a benen da ke kanmu take zura shi. A ƙasa wani yaro ya tsaya da keke, a kansa akwai wani faffaɗan faifan katako mai hawa biyu shaƙe da gurasa, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a kan faifan. Ya ɗauki kuɗi a kwandon, ya zuba gurasa, ta ja abinta sama, ya ƙara gaba cikin motoci ko gezau. Bayansa mai gas ya biyo yana buga sifana a jikin tukunya, ƙwal-ƙwal-ƙwal, shi ma ta baranda ake kiran sa. Gurasar nan gwamnati ke tallafa mata; ta shafe shekara talatin da wani abu ana sayar da ita kan farashi ɗaya ga masu katin tallafi, sai a 2024 aka ninka kuɗinta huɗu. Kafin azahar Auta ya samo igiya da bokiti, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara sauka sayen burodi.

Ummi ce ta lura da abin da ni ban lura ba. "Umma, ba su da kwano." Gaskiya ne: duk inda ido ya kai, rufin gidaje a shafe yake, babu kwano, babu indararo, sai tankunan ruwa da faifan tauraron ɗan'adam da ɗakunan tattabaru. Ruwan saman da Alkahira ke samu a shekara bai wuce milimita 25 ba, Kaduna kuwa tana haura dubu. Abin da ya zuba mana a yammacin Agusta guda ya fi nasu na shekara. Duk wannan taro daga kogi ɗaya yake sha.

Jarrabawar Yaya ta farko a jirgin ƙarƙashin ƙasa ce, wanda suke kira metro. An buɗe shi a 1987, shi ne na farko a Afirka. A kowane jirgi akwai taragu a tsakiya da aka keɓe wa mata, kuma a lokacin cunkoso ba mace mai hankali da za ta ƙi shiga can. Ma'anar haka ita ce sai mun rabu: ni da Ummi a taragun mata, su maza can baya. Gabana ya faɗi. Yaya ya yago takarda ya rubuta mana sunan tashar da za mu sauka da boko da Larabci, ya ce, "Umma, ku ƙirga tasha, in kun sauka kada ku motsa daga gindin agogo." Na dube shi, yaron da nake faɗa da shi kullum a kan wanke kwanon da ya ci abinci.

Taragun mata duniya ce mai zaman kanta. Da ƙofa ta rufe sai wata mata ta taso da ƙatuwar jaka, tana tafe tana ajiye wa kowa kaya a cinya: safa, allurar ɗaura hijabi, alawa. Ba ta ce da kowa saya ba. Ta kai ƙarshen tarago ta juyo tana kwashewa, wadda ta riƙe nata ta miƙa kuɗi. Wata ɗaliba na tilawa a hankali daga ɗan ƙaramin Alƙur'ani, wata na gyara kwalli a madubin waya. Wata tsohuwa ta jawo Ummi ta matsa mata wuri, ta tambaye ta daga ina. Ummi ta zage ta amsa da Larabcin Islamiyya, da wasalinsa da komai, tarago ya kwashe da dariya, tsohuwar ta rungume ta tana cewa ta yi magana kamar mai karanta labarai. Tsakanin tashar Sadat da ta Opera jirgin ya bi ta ƙarƙashin Nilu. Ba ka ganin komai sai duhu, amma da ka san kogi ne a kanka sai ka ji jikinka ya yi wani iri. Muka sauka muka tsaya gindin agogo. Can sai ga Yaya a gaba, Auta a tsakiya, Malam a baya yana gyara hula.

Kada in yi ta yabo in bar wani abu. Baƙar fata a titin Alkahira yana shan kallo, wani lokacin har da kira na tsokana daga bakin samari. Ummi ta dawo gida rannan ta ƙi cin abinci. Kawunta ya zaunar da ita ya ce shi ya shekara yana ji, ya kuma ga masu tsawata wa masu yi, kuma a garin nan ɗin ne mai shago ya bi shi da gudu ya mayar masa da canjin da ya manta. Duka biyun gaskiya ne. Mai shirin kai ɗansa can, ya gaya masa wannan tun a gida.

Auta dala ya zaɓa. Na zaci a tsakiyar hamada suke, ashe gari ya cim musu. Kana cikin cunkoson Giza tsakanin shagunan waya da masu amalanke, ka ɗaga kai ka ga ƙatuwar inuwa a bayan benaye. Baƙo ya fi ɗan ƙasa biyan kuɗin shiga nesa ba kusa ba, ɗalibi mai katin shaida yana biyan rabi, kuma da katin banki ake biya. Ummi ta rubuta duka a littafinta.

Hoto yana rage wa dalar Sarki Khufu girma. Sai ka tsaya a gindinta ka ga dutsen layin farko ya kai maka ƙirji, sannan ka tuna akwai irinsa sama da miliyan biyu a kansa. Auta ya hau kan wani dutse ya buɗe takardarsa: an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, asalin tsayinta mita 146, ta yi kusan shekara 3,800 babu ginin da ya fi ta tsawo a duniya. Malam ya ce shi dai tun yana yaro yake jin aikin aljanu ne, ko na mutanen farko masu tsayin zira'i sittin. Auta dama jira yake. "Abba, an tono unguwar ma'aikatan, da gidajen gasa gurasarsu da kaburburansu, nan bayan katangar can. Kuma a 2013 an samu rubutun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a gaɓar Bahar Maliya, yana lissafin yadda suke ɗauko farin dutse daga Tura a kwalekwale." Malam ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah ya ƙara sani." A bakinsa wannan babbar sallamawa ce.

Na shiga ciki, kuma ba zan ba mai ciwon gwiwa shawara ya shiga ba. Akwai inda sai ka duƙa kana hawa a kan katako mai gwaɓi-gwaɓi, kanka na gogar dutse, masu saukowa na gogar kafaɗarka. A waje sanyi ake, a ciki gumi ke tsiyaya, iskar duk numfashin mutane ce. Daga nan sai hanya ta buɗe ta zama wani dogon zaure mai tsayin sama da mita 8, duwatsunsa sun haɗe yadda ko reza ba za ta shiga tsakani ba. A ƙarshe ɗakin sarki: bango na jan dutse mai tauri da aka ɗauko daga Aswan, kimanin kilomita 800 a kudu, babu rubutu, babu zane, sai akwatin dutse guda wanda gefensa ya ɓalle, babu komai a ciki. Duk wannan aiki don wannan ɗaki. Yaya ya leƙa akwatin ya ce, "Shi ke nan?"

A waje masu raƙuma suka yi mana caa. Kawu ya riga ya ja kunnen Ummi cewa wasu kan faɗi kuɗin hawa su ɓoye na sauka. Ta tsaya ta sa mutumin ya maimaita farashin, hawa da sauka da hoto, ta rubuta ta nuna masa. Ya dube ni ya ce wannan yarinya ta fi ƙarfinsa.

Ranar Malam ita nake wa fargaba, sai ga shi ita ta fi kama Yaya. Masallacin Azhar ya zaɓa. An fara ginin Azhar a 970, shekara guda bayan kafa birnin, aka yi Juma'ar farko a cikinsa a 972. Harabarsa farar marmara ce mai ɗaukar ido, tsofaffin hasumiyoyi na leƙowa ta sama. A cikin masallacin har yau malami na jingine da ginshiƙi, ɗalibai kewaye da shi a ƙasa da littattafai, irin zaman da ake yi a zaurukan Zariya da Kano, sai dai a nan ɗan Maleshiya na gefen ɗan Senegal. Yaran na bin mu a baya suna jan ƙafa har Kawu ya fara bayani. A da, ɗaliban kowace ƙasa suna da sashensu na kwana a jikin masallacin, kuma Barno tana da nata. Tun kafin haka, wajen shekarun 1240, mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Malikiyya a tsohon gari, inda alhazansu ke sauka. A 1324 Mansa Musa na Mali ya yada zango a nan kan hanyarsa ta Makka, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Sai ya zo kan Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ɗaya daga Jalalu biyun da suka rubuta tafsirin Jalalaini da ake ja mana kowane azumi. Ya ce Suyuɗi ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan ƙasarmu, ya ambaci Sarkin Agadas, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da sunansa.

Malam Bakatsine ne. Yaya ya sa waya a aljihu. "Kawu, wato mai Jalalaini ya san da zaman Katsina?" Ya sani, shekara ɗari biyar da suka wuce, ba jirgi ba waya, raƙumi ke kai saƙo. Da muka fito shi ya nemo hanyar kabarin a taswira, can gefen maƙabartar Ƙarafa, inda rayayyu ke zaune tsakanin kaburbura da shanyarsu da yaransu. A ganina yaro ba ya ƙin tarihi. Tarihin da babu shi a ciki yake ƙi.

Zaɓin Yaya ƙwallo ne, kuma nan ba a sha wahala ba. Filin wasa na Alkahira yana Madinatu Nasr, kusa da mu. A nan Mahrez na Aljeriya ya zura wa Nijeriya bugun tazara a minti na ƙarshe a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2019, kuma yaron har yau bai huce ba. Shiga kallon wasa sai da rajista, don haka suka ƙare a gidan shayi da Kawunsu suna kallon Al Ahly a talabijin. Sun dawo murya a dishe, ba su san sunan ko mutum ɗaya da suka rungume ba.

Ni Fusɗaɗ na zaɓa, tsohon garin da Amru ɗan Asi ya kafa, inda masallacinsa yake tun wajen 642. Kusa da shi akwai gidan tarihin da aka mayar da gawawwakin fir'aunoni 22 a watan Afrilu na 2021, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4. Ana sauka ne ƙarƙashin ƙasa, haske kaɗan, an hana hoto, an hana surutu. Wannan ne kaɗai wurin da na ga wayoyi uku a aljihu ba da umarnina ba. Ga Seƙenenre da raunukan gatari a goshi, baki a buɗe. Ga Hatshepsut, macen da ta yi sarauta da gemun da ake ɗaura wa sarki. Ga Ramsis na Biyu, wanda ya yi shekara 66 a kan mulki: dogon hanci mai lanƙwasa, gashi ja-ja a ƙeya, farce a yatsunsa, hannaye a harɗe a ƙirji. A 1976 har Faris aka kai shi don a kashe ƙwayoyin da ke cin gawar. Auta ya raɗa wa ubansa, "Abba, shi ne na Annabi Musa?" Malam ya ce masana sun saɓa, wasu sun ce shi ne, wasu sun ce ɗansa Merneptah, wanda ke kwance a wani akwatin gilashi a nan ɗakin. Da muka hau sama suka yi ta muhawara da Kawu a kan ko ya dace a baje gawar mutum ana biyan kuɗi a kalla. Kawu ya kawo ayar Suratu Yunus, Malam ya ce gawa dai haƙƙinta ƙasa. Ni na fi karkata ga Malam, duk da cewa ni na kawo su.

Abinci bai ba mu wahala ba, Auta ya tsaya a kan aikinsa. Ya gano kushari, wato shinkafa da taliya da makaroni da wani ƙaramin wake a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir da soyayyiyar albasa, mai arha mai riƙe ciki. Akwai zoɓo a ko'ina, mai zafi da mai sanyi, akwai miyar lalo da ta kuɓewa. Abin da babu shi ne yaji mai sunan yaji, sai da na buɗe ƙullin da na taho da shi daga gida.

Ummi ta ajiye ranarta sai ƙarshe, da gangan, don ta ga abin da ya rage a jaka. Kasuwar Khan Khalili tana daura da masallacin Husaini, tun ƙarshen ƙarni na 14 ake ciniki a wurin. Lunguna ne matsattsu masu ƙamshin turaren wuta, fitilun tagulla na rataye, kowane mai shago na da 'yan kalmomin kowace ƙasa, wani ya hango mu ya ɗaga murya, "Hajiya, zo, araha!" Ummi ta riga ta yi kwanaki tana tambayar matan unguwa farashin abaya, don haka da mai shago ya faɗi nasa sai ta taya kashi ɗaya cikin uku. Ya dafe ƙirji ya rantse. Ta yi godiya ta juya. Ya bar ta ta kai bakin lungu, sannan ya aiko yaro ya kira ta, aka kawo shayi, aka fara ciniki na gaske. Ni da na haife ta ina gefe ina riƙe da jaka. Malam kuwa ya sulale bayan Azhar wurin masu littattafai, ya dawo da ɗan dako.

Daren tafiya Kawu ya aro sikeli a wurin maƙwabta. Kayanmu suka haura ƙa'idar jirgi, kuma kowa ya san inda nauyin yake. Ummi ta buɗe littafinta ta lissafa kuɗin da za a caje mu a kan kowane kilo, ta kwatanta da kuɗin littattafan, ta ce, "Abba, ko dai a bar mujalladi huɗu wurin Kawu ya taho da su da hutu, ko a rage tsarabar su Gwaggo." Malam ya daɗe yana shafa bangon littattafan. Aka bar huɗu, ya sa biyu a cikin babbar rigarsa, Yaya ya ɗauki ɗaya a jakar goyo.